Na ce a yanka yadin, waya na kunnena

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Makullin shago na cikin jakata, zuciyata kuma tana ta ce mini in mayar wa mai shi.

Shekara goma sha bakwai na yi ina ɗinki a hannun wata baiwar Allah da muke kira Gwaggo. Ban taɓa ganin ta ce a yanka yadi tana tsaye ba. Sai ta zauna, ta ajiye abin da ke hannunta, ta sa wadda ta yi awo ta maimaita da ƙarfi, sannan ta murza bakin yadin da yatsu. Mukan yi mata tsiya, wai kafin ta ce a yanka, shayi ya huce. Amma ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Da idonta ya yi rauni, ta damƙa mini shagon da mata shida. A watana na biyu wani asibiti ya ba mu ɗinkin riguna arba'in. Mai yanka ta tambaye ni ko ta yanka yadin ina cikin waya, na ɗaga mata kai. Ban tambaya ko an wanke ƙyalle an gwada ba, yadda Gwaggo ke yi wa kowane sabon yadi. Wankin farko rigunan suka tsuke, aka dawo mana da su.

Gwaggo ta zo, ta shafa riga ɗaya, ba faɗa. Tambayata kawai ta yi me ke hannuna sa'ad da na amsa wa mai yanka.

Ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum. Na duba, tun ranar ko zaren maɓalli sai na tambaya sau uku. Aiki ya tsaya, matan sun fara kallon juna. Anya na cancanta?

Magajiyar Gwaggo

'Yar'uwa, kuskuren naki ne, kuma babba, ba zan rage miki ba. Amma kin faɗe shi ba tare da kin ɗora wa mai yanka ba, wannan halin shugaba ne.

Ki sake duba Gwaggo. Ba komai take zaunawa a kai ba, yanka kawai, domin zare ana warware shi, almakashi kuwa ba ya komawa baya. Ki sakar wa matan zare da maɓalli, sun iya. Littafin nan da kike buɗewa bayan ɓarna, ki riƙa buɗe shi kafin yanka: awo, gwajin wanki, wa ya duba. Wayar ta koma jaka har a gama.

Matar da ta zo domin ta kore ki ba za ta tambayi abin da ke hannunki ba. Darasi ta zo ba ki. Ki riƙe makullin, ki jawo kujerarta kusa da teburin yanka, ki zauna. Allah ya yi miki jagora, ya ƙara wa Gwaggo lafiya.