Gasar da Na Sa a Tsakiyar Damina

Asabar, 11 ga Maris, 2006

Kaina kamar zai tsage. Sati uku ina rubuta tsarin shekara biyar na haɗaɗɗiyar ƙungiyar kulob-kulob ɗinmu, yau na karanta a taro. Awa biyu ciyaman ya cinye kan launin riga. Da muka zo kan gasar ƙwallon da na sa kowane watan Yuni, sai Baba Ayuba, wakilin Assakio, ya miƙe.

"Sakatare, wa zai buga maka? Lokacin 'yan wasana duk suna gona."

Aka fashe da dariya. Na yi ta gardama har muryata ta dishe, alhali na san gaskiyarsa. Abin takaici, ni ma ɗan manomi ne. Shekara tara kacal a ofis, har sai an tuna mini da damina.