Goggo, Wa Zai Zama Uwar?

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Goggo, mun fara! Yau kwana shida muna gwajin fim ɗina na farko a wani ɗaki saman shagon kafinta. Na zana wa kowa wurin tsayuwarsa da alli, ƙarar zarto kuma ita ce kiɗanmu. Dogo, wanda ya fito a ɗan da ya dawo daga kurkuku bayan shekara bakwai, ya haddace komai. Matsalata mai fitowa a uwarsa. Da ya yi sallama sai ta kurma ihu, ta zube tana birgima, har kafinta ya hauro da gudu yana tambayar wa ya rasu. Ke da kika yi shekara ashirin kina wasan rediyo, yaya ake yi?

Ɗanki,
Sarkin Surutu

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Wato kai ne yau kake ba manya umarni? Ikon Allah.

Ka hana ta kukan nan. Ka ba ta wanki ta riƙa ninkewa. In ya shigo kada ta tashi. Ta dube shi, ta ce, "Ka rame. Ka ci abinci?" Shi ke nan. Kukan na masu kallo ne, kada ta ƙwace musu.

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka

Goggo!

Ko gaisuwar ma sai na dawo. Mun gwada! Da ta ce "Ka ci abinci?" sai Dogo ya buɗe baki, maganar da ya haddace ta gudu, sai hawaye. Mai kyamara ya juya baya wai ƙura ce ta shiga idonsa. Ni kuwa na manta ban ce a tsaya ba.

Amma ita ta fusata. Ta ce, "Darakta, da kuka aka san ni. In babu kuka, babu ni." Ta ɗauki jakarta ta tafi. Saura kwana goma mu fara ɗauka.

Na karanta wa sauran wasiƙarki, Dogo ya ce, "To me muke nema? A kawo mana wadda ta rubuta wannan." Na san tun rasuwar mijinki kika ce kin bar wasa. Ban da bakin roƙo, Goggo, amma ina roƙo. A zaune za ki yi komai.

Ɗanki mai jiran amsa

Ɗana,

Ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma haƙorana biyu sun tafi. Ka faɗa musu tun yanzu.

Ina tafe ranar Laraba, motar safe. Ka zo tasha da kanka, ka taho da takardun wasan. Kuma a ɗakin nan kai ne darakta: in na ɓata, ka tsawata mini kamar kowa.

Goggonka