Matakalar Ammachi

Zuwa ga ƙanena Chandy,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mariyamma da yara a can Alappuzha. Mu nan ruwa ya ja baya, an fara shuka shinkafa.

Muna ganin baƙin da kake kawowa yawo cikin ƙananan kwalekwalen robar nan. Mutum guda, jirgi guda, ko wurin ajiye buhu babu. Na ce to, kowa da abin da ke ba shi daɗi. Sai dai ka bar tafki mai faɗi ka biyo da su ta ƙoramarmu, da hantsi kuma, daidai lokacin da mahaifiyarmu Ammachi ke wanka a matakalar bakin ruwa. Shekara saba'in tana sauka matakalar nan, tun tana amarya. Jiya mutum tara suka jeru suna ɗaukarta hoto. Wani har da tafi.

Ka sauya hanya, ko ka sauya lokaci. Ka huta lafiya.

Yayanka,
Kuriyan

Yaya,

Ina gaisuwa. Haba dai! Wanka da ɗaurin ƙirji, me aka gani? Da hantsi ne ruwa ke kwance, rana ba zafi. Baƙi kuma sun fi son ƙoramarmu, wai nan ne ƙauye na gaske. Ka ce wa Ammachi ta riƙa murmushi kawai, ta yi suna har Turai! A gaishe ta.

Chandy

Chandy,

Bayan gaisuwa. Na karanta mata takardarka. Ta ce, "Wane Chandy? Wanda na wanke wa kashi a matakalar?"

Ta daina sauka. A bayan gida take wanka da bokiti, kamar mai jinya. Ka san a bakin ruwa take jin labarin duniya: mai kifi ya tsaya su yi ciniki, maƙwabciyarta Eliyamma ta ƙwala mata kira daga tsallaken ruwa, su ci naman faston coci tare. Yanzu ba ta da abokin hira sai ni, ni kuwa ka san hirata. Abinci ma tsakura take yi.

Na sayo kwanon rufi na kewaye matakalar, har cikin ruwa. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki, ka gina mini masai." Ta koma ɗaki.

Allah ya ƙara maka kasuwa.

Kuriyan

Yaya,

Gaisuwa. Shingenka ya ɓata wurin, baƙi sai ƙorafi suke yi. Na koma da su ƙoramar bayan coci. Ka ga shi ke nan, kowa ya huta. Cire kwanon, ta sauko abinta. Zan shigo Lahadi da ayabar da take so.

Chandy

Chandy,

Ina gaisuwa. Na cire. Wata biyu tana zaune, gwiwa ta ƙi, sai ɗaukarta na yi zuwa bakin ruwa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta ce in mayar da ita ciki.

Batun Lahadi, ta ce kana iya zuwa, amma ban da ta ruwa. Ka dai san gidanmu ba shi da wata hanya.

Yayanka,
Kuriyan