Ba Na Neman Ki Kankare Sunansa

Al Gharrafa, Doha
Disamba, 2022

Zuwa ga Habibatu, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar da Allah Ya ba ni a garin da rana ba ta san tausayi ba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu kin ɗan miƙe ƙafa bayan ɗawainiyar 'yan kallo a asibitin filin wasa.

Na san kin ce in bar maganar. Na ji ki sarai, ranar da Ghana ta buga wasanta na ƙarshe, muna tsaye a bakin teku, ganguna na tashi ta ko'ina, ke kuma kin yafa gyale mai launin tutar ƙasarku. Kin ce zuciyarki da suna a rubuce a kanta, sunan Kamil, mijinki da korona ta ɗauke a shekarar kulle, Allah Ya jiƙansa. Kin ce da an gama gasar kofin duniya kwantiraginki ya ƙare, sai Kumasi, khalas, magana ta ƙare. Ni da nake cika aji da surutu tun safe har azahar, sai ga ni na koma ga alƙalami! To yau ga amsata.

Kin tuna ranar da kika yi mini allurar rigakafi? Idanunki kaɗai nake gani a saman takunkumi, masu haske kamar raɓa a kan ganyen gero. Na kau da kai ina salati don tsoron allura, sai na ji kin yi ƙasa da murya, da Hausarku ta Zango, wai ƙaton malami guda yana rawar jiki. Wayyo Habibatu! Wa ya taɓa jin an yi masa dariya ya ji kamar an shayar da shi zuma? Tun ranar ban warke ba, kuma ba na neman magani.

Bari in ba ki labarin abin da na gani a bazarar da ta wuce. Bayan annoba ta daɗe tana hana mu tafiya, na kai ɗalibaina aikin tonon kayan tarihi a Italiya, wani tsohon garin Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne da toka. Rabonmu shi ne ƙofofin gidaje a wani lungu. Ba aikin gaggawa ba ne. A durƙushe ake yinsa, da ɗan buroshi, har dokin ƙofa ya fito, ki ga inda ƙafafun masu gida suka sassaƙe dutsen. A gefen ƙofofin kuwa ga jan rubutu na neman ƙuri'a. Maƙwabta na roƙon a zaɓi wane. Masu gasa burodi suna bayan wane. Har mata, da ba su da ikon zaɓe, sun sa an rubuta sunayensu a fili, kowa ya san inda suka tsaya.

Al'adarsu, idan sabon zaɓe ya zo, sai a shafa farar ƙasa a kan tsohon suna a rubuta sabo. Wata rana muka tarar da inda farar ƙasar ta ɗan ɗaye, ga haruffan tsohon suna suna leƙowa, ja jawur kamar jiya aka rubuta. Ɗalibaina suka ruɗe da murna. Wasu suna so a ɓare na sama a karanta na ƙasa. Na hana. Na ce musu a wannan sana'a ba a kashe wani rubutu don a raya wani. Bangon nan ya ɗauki suna biyu shekaru aru-aru, toka ta danne shi, ƙasa ta girgiza, bai zubar da ko ɗaya ba.

Ya ke kurciyar zuciyata, in bangon dutse ya iya haka, ina ga zuciya irin taki, mai faɗin da ta ɗauki marasa lafiya cike da ɗaki a lokacin da kowa ke gudun kowa? Ba na neman ki kankare sunan Kamil. Ni ko farar ƙasar ma ba zan shafa ba. Ki bar shi inda yake, ki rubuta ni a gefe, ko da ƙananan haruffa ne. Mahaifiyarsa da kike bugawa waya kowace Juma'a, ki ci gaba, ki miƙo mini in gaishe ta da ladabin ɗa. Idan ranar rasuwarsa ta zagayo, tare za mu ɗaga hannu mu yi masa addu'a. Wane irin so ne zai yi kishi da wanda ke kwance a kabari?

Wani abu kuma. A garin Rumawan nan mun ga ramukan da ɓarayin zamanin da suka fasa ta bango don kwasar kaya. Mu ta ƙofa muke shiga, bayan mun tokare ta da kyau. Haka zan zo miki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan tsaya a ƙofar kawunki, Kawu Bawah, a unguwar Nu'aija, tare da Likita Dikko, wanda ya yarda ya tsaya mini a matsayin uba. Goron ma ya samu, wani ɗan Kano da ya zo kallo ne ya taho mana da shi a jakarsa, ana ta yayyafa masa ruwa kada ya bushe.

Kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta mayar da ni gida: ki ce ba kya sona. Amma na saurara da kyau a bakin tekun nan, duk da ƙarar ganguna, kin faɗi abubuwa da yawa, wannan kam ba ki faɗa ba. In kuwa kin hau jirgi kafin ki yanke shawara, babu laifi, tauraruwata. Na riga na nemi hutu a jami'a. Ban san Kumasi ba, amma ina da baki, zan yi tambaya har in ga gidan mahaifinki.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ga ƙasa,

Umar Faruq