Baba, Ni Na Raba Sani Da Zarto

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya kai haske kabarinka, ɗanka Habibu ne. Wallahi da kana raye ba zan iya haɗa ido da kai in faɗi maganar nan ba, shi ya sa na fake da takarda.

Ina nan a kamfanin ginin da ka bar ni a Kano, yanzu ni ke ɗaukar ma'aikata. Takardun neman aiki jibge suke a teburina, wannan digiri, wancan difloma. Amma kafintan da zai ɗora rufi damina ta zo ta wuce ba yoyo, sai ka nema ka gaji. Tsofaffin hannu suna ƙarewa, samari sun koma jan adaidaita. Wata uku gidajenmu suna tsaye ba rufi, sai da muka aika Kwatano aka kawo mana mutane. Ni ɗan kafinta guda!

Ina tuna shagonka na bakin kasuwar Gaya. Ba ka karɓar katako sai ka ɗaga shi, ka kanne ido ɗaya ka bi tsawonsa da kallo. Ni ban tsaya na koya ba, ƙyamar ƙurar nake yi. Sani ƙanena kuwa, kafin ya gama sakandare har garin Gafasa kake tura shi rufi ba tare da ka bi shi ba.

Ana gama sadakar ukunka na kulle shagon. Na ce a gidanmu an gama da guduma, Sani makaranta zai ci gaba. Ya yi kuka, Inna ta roƙe ni, na yi kunnen uwar shegu. Kayan aikinka ma na rabar da su. Na ce gata nake yi masa. Ƙarya ne, Baba. Kunya nake ji abokan aikina su san ƙanena kafinta ne.

Ya yi difloma ya gama, shekara biyar ba aiki. Yanzu adaidaitar wani yake ja, ga mata ga yara biyu.

Makon jiya ya kawo fasinja kusa da wajen aikinmu, ya leƙo mu gaisa. Ya daɗe yana kallon baƙin nan na Kwatano a saman gini. Ni kuma, da bakin nan nawa, na tambaye shi ko zai dawo sana'ar, muna neman hannu ruwa a jallo. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai hannun ya mutu." Ya yi mini sallama da ladabi ya tafi. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Gwani ka bar mini amana, na lalata shi da sunan so.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin halin neman gafarar Sani, don sau biyu ke nan ina zuwa ƙofar gidansa ina juyowa.

Ɗanka,
Habibu