Fumfuna a zanen goyon Inna

Daren Talata, Guangzhou

Yau na buɗe akwati don in ɗauko farin zanen saƙin da Inna ta bar mini, wanda na goya 'yata Zainab da shi. Watan haihuwarta ya kama a Kano, kuma gobe masu kago za su kai kaya filin jirgin sama na Baiyun. Sai na tarar fumfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi.

Tun da garin nan ya fara gumi, bango na tsattsafo da ruwa, kullum nake buɗe tagogi da akwatuna su sha iska kamar yadda muke yi a gida. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo, ta girgiza kai, ta rufe tagogin da hannunta. Ashe a nan iskar ce ke shigo da laimar. Ta kawo mini ruwan kal, ta nuna in jiƙa, kada in murza da ƙarfi.

Baban Zainab ya ce, "Hajiya, ki sayi sabo mana. Jariri zai gane ne?"

Na ce, "Uwarsa za ta gane."

Na jiƙa, na goga lemon tsami da gishiri, na busar da abin busar da gashi tunda rana ta ƙi fitowa. Warin ya tafi. Saura ɗigo biyu a gefe, kusa da tabon kunun da Zainab ta zubar tana rarrafe. Ba zan kasance a wurin wankan jego ba, amma zanen zai je. Na ninke shi.