Babana Yana Ba Tattasai Kunzugunsa

Gwaggo Radmila, ki agaza mini kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Ina rubutun nan cike da haushi.

Babana ya haura tamanin, kuma tun da aka yi masa aiki fitsari ba ya riƙuwa. Duk Asabar nake baro Leskovac in kai masa kunzugun manya ƙauye, mai kyau, ba mai bayan leda da ke dafa fata ba. Na ga suna ƙarewa da wuri, har ina murna wai ya saki jiki da su. Ashe! Makon jiya na tarar da shi a inuwar inabi da almakashi, yana farke sababbi fil, yana zazzage garin nan na cikin audugar, wanda ke shan ruwa ya kumbura. Wai bana fari ya yi yawa, yana binne garin a gindin tattasansa ya riƙe musu laima. Shi kuma tsumman zannuwan gadon marigayiya mamata yake cusawa a wando.

Gwaggo, cinyoyinsa duk sun saɓule, har wani wuri ya soma ruwa. Da na yi magana ya ce shi ba jinjiri ba ne, in kuwa abin ya dame ni in daina cin ajbar, miyar da ake yi da tattasansa. Maƙwabciyarsa Milunka, uwar iyayi, har ta karɓi nata kason don tumatir! Na ce masa in bai daina ba, ko in tuge lambun, ko in kai shi gidan tsofaffi. Tun ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba. Ya zan yi da tsohon nan mai kunnen ƙashi?

'Yar da ta gaji, Leskovac

'Yata,

Fushinki na kan hanya. Ciwo a jiƙaƙƙiyar fatar tsoho ba abin wasa ba ne, ki tabbata likita ya gan shi a makon nan. Tsumma ba ya janye fitsari daga jiki, aikin garin da yake zubarwa ke nan.

Amma ke ma kin yi ɓaranɓarama. Mutumin da jikinsa ya daina jin maganarsa, lambun ne kaɗai ya rage yana yi masa biyayya, shi kika ce za ki tuge.

Ki je shagon kayan noma, suna da garin riƙe ruwa da aka yi don ƙasa. Na kunzugu ba don abin da za a ci aka yi shi ba, ki shaida wa Milunka ma. Ki sayo masa irin kunzugun da ake zurawa kamar gajeren wando, ya sa abinsa da kansa ba mai naɗe shi.

Ki daina buga waya, ki je da ƙafarki. Kafin ki buɗe jaka, ki janye maganar gidan tsofaffi da bakinki, don muddin tana nan ba zai ƙara nuna miki ciwonsa ba.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Radmila